Gyaran Tsohuwar Kuba 'Yar Ingila: Yadda Aka Sassaƙa Mata Sabon Majuyi a Gida

Kubar da ake magana a kai irin wadda ake binnewa a cikin kaurin ƙyaure ce, ba a ganin komai nata sai farantin baki da hannu da kafar makulli. An ciro ta ne daga ƙofar katako ta wani tsohon gida na zamanin Turawa a Zariya. Ƙirar Ingila ce, kamar yawancin kubobin gine-ginen wancan lokaci, waɗanda akasarinsu daga garin Willenhall da kewayensa suka fito, garin da kamfanin Josiah Parkes mai tambarin Union ya kafu tun 1840. Akwatinta na baƙin ƙarfe ne, kayan cikinta kuma tagulla da ƙarfe.

Wannan kuba kwance take. Tsawonta inci 6 ne, wato milimita 152, kuma kafar makulli da ramin hannu suna kan layi ɗaya, ramin hannun yana milimita 127 daga bakin ƙofa. An nisanta shi ne saboda hannun dunƙulalle ne, idan ya matso baki yatsu za su riƙa bugun firam. Mafi yawan kubobin da ke kasuwa yanzu kuwa tsaye suke, zurfinsu milimita 64 ko 76, hannu a sama, makulli a ƙasa. Wanda ya ce zai sa ɗaya daga cikinsu a wannan ƙofa sai ya toshe tsohon rami, ya fafe sabo, ya huda ƙyaure a wurare biyu, ya bar tsofaffin kafofi a fili. Ƙofar da ta shekara da yawa ba ta cancanci wannan ɓarna ba, shi ya sa aka zaɓi gyara.

Abin da masu gida suka kawo kuka a kai shi ne, hannu yana juyawa da nisa kafin harshen kuba ya motsa, kuma ko ya motsa ba ya shigewa duka, sai an fizgi ƙofa. Ɗan makulli kuwa yana jefa sakata yana dawo da ita lafiya lau.

Abin da aka tarar a ciki

Kafin a taɓa komai an kwantar da kubar, an kwance sukurun murfi, an ɗaga murfin a hankali da yatsa a kan libobi, wato ƙananan fallayen da ɗan makulli ke ɗagawa, don kada sifirin ya watsar da su, sannan aka ɗauki hoto da waya. Libobi uku ne, aka jera su bisa tsarin da aka same su. Tsarin liba tsoho ne, Robert Barron ya yi masa rajista a 1778, Jeremiah Chubb ya inganta shi a 1818, kuma ƙa'idarsa ita ce kowace liba sai ɗan makulli ya ɗaga ta daidai, ba ƙasa ba sama, kafin sakata ta wuce. Tun da wannan ɓangare yana aiki, wanka kawai aka yi masa da kananzir da burushi. Ba a goga wa liba magagari don a ga ta yi sheƙi. Kaɗan aka ci daga gefenta, ɗan makulli ya daina buɗewa.

Ciwon yana wajen majuyi, wato ɗan guntun tagullar nan da sandar hannu ke ratsawa ta tsakiyarsa. Yana da rami mai kusurwa huɗu, da kafaɗa a kowane gefe da ke zama cikin ramin akwati da na murfi, da ƙahoni biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, waɗanda ke tura wutsiyar harshe baya ko ta wane gefe aka murɗa hannu. A nan an tarar da ramin ya kusa zama zagaye, ya tsage a kusurwa ɗaya. Ƙaho ɗaya ya cinye kusan milimita 2. Ramukan akwati da murfi sun ja gefe guda: milimita 15.9 ta wannan fuska, 16.5 ta waccan. Sifirin ɗin harshe ya karye, wani ya cusa guntun roba a madadinsa.

Sandar hannun ce ta tona asirin yadda aka kai ga haka. Tsofaffin kubobin Ingila ana yi musu rami na 5/16 na inci, milimita 7.94. Sandar da aka samu a ƙofar milimita 7 ce, irin da ke zuwa da wasu hannuwan ƙasashen Turai, wani ya sa ta a wani gyara na baya. Sanda mai 7 a ramin 7.94 tana lilo kusan digiri 8 ta kowane gefe kafin ta kama, kuma idan ta kama, kusurwoyinta ne kawai ke cizon tagulla maimakon faɗinta ya kwanta a kan faɗin rami. Kowace murɗa tana ɗan ƙwaƙule wurin. Daga kusurwa zuwa kusurwa sandar milimita 9.9 ce, saboda haka da ramin ya buɗe ya kai haka, da hannu ya riƙa juyawa a banza gaba ɗaya.

Me ya sa ba a yi wa tsohon majuyin walda ba? Ana iya cike tagulla da wuta, amma wannan zubi ne da ya sha mai shekara da shekaru, tsagar kuma tana inda naman ya fi siranta, milimita 2 da ɗoriya tsakanin kusurwar rami da bayan kafaɗa. Ko an cike, sai an sake fafe rami, an sake gyara kafaɗu da ƙaho. Aikin ya kai na sabo, ƙarfinsa bai kai ba.

Inda ake ɗaukar awo

Nan ne mafi yawan masu irin wannan gyara ke faɗawa rami. Mutum ya ɗauki lalataccen majuyi, ya auna shi da baniya, wato ma'aunin nan mai muƙamuƙi da ke auna kauri da zurfi, ya sassaƙa irinsa sak, ya sa, ya ga kuba tana nan yadda take. Dalili kuwa a fili yake: ya kwafi cinyewar tare da siffar. Tsohon ƙarfe yana nuna fasali ne kawai. Awo na gaskiya yana jikin akwati da sauran kayan da majuyin ke hulɗa da su.

An samu awon a wurare huɗu. Tsakanin ƙasan akwati da murfi milimita 11.1 ne, an auna da sandar zurfi ta baniya a kusa da ginshiƙin sukuru, inda farantin bai lanƙwashe ba. Kaurin kowane faranti 1.6. Tafiyar harshe daga fitowa zuwa shigewa daidai da farantin baki milimita 11. Na huɗun shi ne ya fi daɗin samu: bayan an wanke akwati, aka haska shi da tocila daga gefe, sai ga wani siririn zane mai lanƙwasa a ƙasansa, sawun da bakin ƙaho ya bari tun yana da tsawonsa. Daga tsakiyar rami zuwa wannan zane milimita 15 ne. Ƙaho na biyu ma ya ba da shaida, domin mutane sun fi murɗa hannu ta gefe guda, shi ya sa ɗaya ya cinye ɗayan ya tsira kusan yadda aka ƙera shi. Siffarsa aka juya aka ba ɗan'uwansa.

Lissafi ya yarda da wannan awo. Ƙaho mai tsawon milimita 15 yana bukatar juyin kusan digiri 47 ya tura harshe milimita 11, kuma wannan juyi ne da wuyan hannu ke yi ba tare da wahala ba.

Sai ramukan da suka ja gefe. Idan aka zura musu bakin huda mai girma, bakin zai bi tsakiyar ramin yadda yake yanzu, majuyi ya gusa kusan milimita 0.3 daga mazauninsa na asali, ƙahoni su daina haɗuwa da wutsiyar harshe a lokaci guda. Abin da aka yi shi ne an sassaƙa ɗan faifai mai hawa biyu, ƙaramin hawa 15.9, babba 17. Aka zura ƙaramin a rami, aka danna shi jikin gefen da bai cinye ba, aka zagaya babban da tsinken ƙarfe, sannan aka bi zanen da magagari mai rabin zagaye har faifan ya shige da ɗan matsi. Haka aka yi wa murfi, aka haɗa su biyu da sukuru aka tabbatar ramukan suna duban juna.

Sassaƙar majuyi

Tagulla aka zaɓa, kuma da gangan. Akwai masu ganin in an yi shi da baƙin ƙarfe zai fi daɗewa. Zai daɗe, amma akwatin zai ci, alhali majuyi ana iya sake shi gobe, akwati kuwa babu inda za a samo wani. Wanda aka fi iya musanyawa shi ya kamata ya zama mai taushi. An yi amfani da sandar tagulla zagayayya mai kaurin milimita 32, irin mai sauƙin yanka da ake kira CZ121, wadda ke da jan ƙarfe kashi 58 cikin ɗari, tutiya 39, dalma 3. Dalmar ce ke sa ɓarɓashin ya riƙa karyewa ƙanana maimakon ya nannaɗe.

Ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe na kan tebur ya isa. Gudu tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti, da wuƙar HSS, wato ƙarfe mai tauri da ake yin wuƙaƙen inji da shi, wadda samanta yake a shafe, ba gangara. Tagulla tana da halin jan wuƙa ciki. Wuƙa mai gangara irin ta yankan baƙin ƙarfe takan nutse ta ɓata aiki. Bakin huda ma haka, sai an ɗan dakushe leɓɓansa biyu da dutsen wasa su miƙe tsaye, in ba haka ba yana gab da fita zai cafke ya fizge.

An daidaita fuska, aka sassaƙa kafaɗar farko milimita 16.9 da tsawon 1.7, aka bar wuya mai kaurin 20 a bayanta wanda zai jingina da faranti, sai faifan ƙahoni mai faɗin 30 da kaurin 6 a daidai tsayin wutsiyar harshe. Daga wuya zuwa wuya 10.9, wato an bar sararin 0.2. Aka huda tsakiya da 7.8. Kafaɗa ta biyu ba a juya aikin aka yi ta ba. Kafaɗar da tsawonta bai kai milimita 2 ba babu abin da muƙamuƙin inji zai riƙe, kuma da an kwance an sake ɗaurewa, kafaɗun biyu ba za su zauna a tsakiya ɗaya ba. Da wuƙar yankewa aka shiga ta baya aka fitar da ita, sannan aka yanke gaba ɗaya a ɗauri guda.

Rami mai kusurwa huɗu shi ke cin lokaci. Aka shafa wa fuskar baƙin maka, aka zana murabba'in a fuska biyu, aka kama aikin a bayis, wato matsin ƙarfe na kan tebur, tsakanin katako biyu. Da ƙaramin magagari mai kusurwa uku aka fara buɗe kusurwoyi, daga baya mai kusurwa huɗu ya daidaita bango. Ana yi ana juya aikin, rabi daga nan rabi daga can, domin hannu yakan yi lilo, idan aka tsaya a gefe guda ramin zai buɗe a baki ya tsuke a tsakiya, sanda ta shiga amma ta riƙa rawa. Da ya rage kamar 0.1, aka ɗauko guntun wuƙar HSS mai 5/16 da ba a wasa ba, aka ɗan sirantar da kanta, aka shafa mai, aka tura ta cikin ramin da matsin bayis, da guntun bututu a baya don ta samu wurin fita. Wannan ƙarfe yana da tauri amma yana fashewa, saboda haka a miƙe ake tura shi, da tabarau a ido, kuma ba a kai masa guduma.

An goge kusurwoyin wannan wuƙa kaɗan kafin a tura ta, don kusurwar ramin ta fito da ɗan lanƙwasa. Tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa, tsohon majuyin ma a nan ya tsage. Sandar hannu ce ake rage wa kusurwa ta shiga.

Bayan rami sai ƙahoni, kuma wannan jeri yana da dalili: ya fi sauƙi a zura sanda a rami a ɗauki layin ƙahoni daga gare ta, da a yi ƙahoni sannan a yi fama da rami ya zauna daidai da su. An fara yanka siffar a kwali mai kauri, aka gwada a akwati, aka gyara, sannan aka zana ta a tagulla, aka yanke abin da ya wuce da zarto, aka bar rabin milimita na magagari. Daga nan gwaji ne: a shafa baƙin maka a fuskar ƙaho, a sa, a rufe murfi, a murɗa, a buɗe a ga inda baƙin ya goge. Abin nema shi ne ƙahonin biyu su taɓa wutsiyar harshe tare lokacin da hannu yake hutawa. In ɗaya ya riga, harshe ba zai fito duka ba. In duka sun yi nisa, lilon da ake gudu ya dawo. Bakin ƙaho an zagaye shi an goge da samfefa mai laushi, don zamewa yake yi a kan wutsiyar yayin da yake tura ta.

Sifirin, sukuru da sanda

Sifirin ɗin harshe na falle ne. Rabinsa da ya rage ya nuna kauri 0.6 da faɗi 6. An samo ƙarfensa daga sifirin ɗin da ke naɗe igiyar tayar da ƙaramin janareta, wanda masu gyaran janareta ke zubarwa. A kula da kauri ƙwarai, domin taurin irin wannan sifirin yana hawa ne da kauri sau kauri sau kauri: mai 0.8 ya fi mai 0.6 tauri fiye da ninki biyu. Sifirin mai tauri yana sa harshe ya yi ƙara mai daɗin ji, amma duk wannan ƙarfi a kan ƙaho da ramin majuyi yake sauka.

Aka gasa shi ya yi ja, aka bar shi ya huce a hankali don ya yi laushi, aka yanka, aka lanƙwasa a jikin ƙusa mai kaurin ginshiƙin da zai zauna a kai, aka goge gefunansa ta tsawo don kada a bar zanen da zai zama mafarin karaya. Sai aka sake gasa shi duka har maganaɗisu ya daina kama shi, wanda ke faruwa wajen digiri 770, aka ɗan ƙara, aka tsoma a mai. A wannan hali yana karyewa da an lanƙwasa shi. Aka goge shi ya yi fari, aka kwantar a kan yashi cikin murfin gwangwani, aka hura wuta daga ƙasa ana kallon launi: ruwan ƙasa mai haske, ya yi duhu, ya koma shunayya, ya zama shuɗi, wajen digiri 300. A nan ake sauke shi. Wanda aka sauke tun yana ruwan ƙasa zai karye. Wanda ya wuce shuɗi ya yi toka-toka zai lanƙwashe ya ƙi dawowa. Yashin yana raba zafi ne don siririn baki kada ya riga sauran jiki. Kuma ba a jiƙa sifirin a ruwan batir ko wani abu mai tsami don cire tsatsa, yana sa shi gautsi.

Sukurun murfi ba na asali ba ne. Na asali irin tsohon awon Ingila ne da ake kira 2BA, kauri milimita 4.7, tazarar tiredi, wato haƙoran jikin sukuru, 0.81. Wani ya murɗa sukurun awon milimita, wato M5, da ƙarfi, mai kauri 5 da tazara 0.8, ya shiga ya tauna tiredin. Tun da tazarar ta kusa zama ɗaya kuma ginshiƙin yana da nama, aka bi ramin da abin yanka tiredi na M5 ya fito tsaf, aka sassaƙa kan sabon sukuru ya nutse daidai da murfi. Kan da ya ɗago ko da rabin milimita ne zai kama katako lokacin mayar da kuba.

Sandar hannu an yanko ta daga ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 8, aka ja magagari a fuskokinta har ta shiga majuyi da hannuwan biyu da turin yatsa, ba lilo.

Haɗawa da mayarwa a ƙofa

Giris kaɗan aka shafa a kafaɗun majuyi da bakin ƙahoni da inda harshe ke zamewa, abin da bai wuce a ga wurin ya yi sheƙi ba. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafar makulli, idan ta tarar da giris mai yawa sai su haɗu su zama abin da ke cin ƙarfe. Libobi garin bakin fensir kawai aka ba su.

Da aka ɗaure murfi sosai, hannu ya ɗan yi nauyi, da aka sassauta rabin juyi ya saki. Wannan alama ce ta cewa murfin ya lotsa a tsakiya yana danne wuyan majuyi. Ba a bar sukuru a sake don a ɓoye matsalar ba. Aka ɗora murfin a kan ƙarfe mai shafaffen sama, aka miƙar da shi da gudumar katako, aka sake ɗaurewa, majuyi ya juya ya dawo da kansa ta gefen biyu.

Saura ƙofar kanta, wadda ita ma tana da hannu a lalacewar. Ƙyauren ya sauka saboda sukurorin hinjin sama sun saki, harshe yana gogar ƙasan ramin farantin firam, shi ya sa ake murɗa hannu da ƙarfi ana fizga. An shafa alli a harshe aka rufe ƙofa, allin ya nuna gugar kusan milimita 2 a ƙasa. Kafinta ya toshe tsofaffin ramukan hinji da katako da gam, ya sa sukurori masu tsawo, ƙyaure ya koma mazauninsa, ba a taɓa farantin da magagari ba. Faifan da ke bayan kowane hannu an ɗaure shi ne bayan an zura sanda, don sandar ta nuna masa wurin zama. Idan aka riga aka ɗaure shi a karkace, sanda za ta riƙa danna majuyi gefe guda, ramukan akwati su sake jan gefe. An bar wasan kusan rabin milimita tsakanin hannu da faifai, aka cike abin da ya wuce haka da siririn zoben tagulla.

Wanda ba shi da injin sassaƙa a gida zai iya kai wa masu injin zane mai ɗauke da awon nan na faifai da kafaɗu da huda, ya ce a yi a ɗauri guda, sannan ya dawo ya yi rami da ƙahoni da magagari a bayis. Ya tafi da akwatin da murfin tare da zanen, don a gwada kafaɗar farko a ramin tun aikin yana kan inji.